Kwana nawa mai ciwon daji zai jira?

Ban taɓa ɗaukar abin da ya yi min nauyi kamar wata 'yar kwalba ba. Girmanta bai cika tafin hannu ba, murfinta ja, a ciki akwai ruwa mai warin da ke sa ido ƙwalla, ga wani ɗan guntun nama fari-fari yana lilo a tsakiya. Daga jikin gwaggona aka yanko shi. Malamar jinyar da ta miƙo min ta liƙa takarda a jikin kwalbar, ta rubuta suna da shekaru da biro, ta ce in kai wani asibiti mai ɗakin duba nama, domin su a nan ba su da mai dubawa. Na naɗe ta a leda biyu, na sa a aljihun gaba, ina tafe ina dafe da ita. Da na dawo, Gwaggo ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, me suka ce?" Na ce, "Gwaggo, sun ce a koma bayan mako biyu." Mako bakwai muka yi muna komawa.

Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta da rahama, na zauna da jakar takardunta ina jera su bisa kwanan wata. Katin farko na ƙaramin asibitin da ta fara zuwa ne, ranar da ta ce ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Aka ce maruru ne, zai nuna ya fashe, aka ba ta magani. Ta koma, aka canza mata wani. Sai a zuwa na uku aka rubuta mata takardar turawa babban asibiti. Daga nan layin ganin likitan tiyata, layin hoto, layin yanko nama, makonnin jiran sakamako, sai kuma fafutukar haɗa kuɗi. Daga katin farko zuwa ranar da aka fara ɗaura mata ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, wata bakwai ne da kwana tara. Babu ko mako guda a ciki da ta yi a ɗaki tana ɓoye ciwonta. Duk a hannun asibiti ta yi su, ƙullutun da ya fara kamar kan ɗan yatsa kuwa ya riga ya kai hammata.

Tun daga wannan rana, duk lokacin da na ji wata gwamnati ta ƙaddamar da tsarin yaƙi da ciwon daji na ƙasa baki ɗaya, tambaya guda nake nema a cikin kundin: kwana nawa? Daga ranar da mutum ya fara kai kukansa asibiti zuwa ranar da aka gaya masa sunan ciwonsa, kwana nawa? Daga nan zuwa ranar da aka fara yi masa magani, kwana nawa? A ganina, tsarin da bai rubuta wannan adadi ba, bai ɗora alhakinsa a wuyan kowa ba, bai kuma yi alkawarin bayyana shi ga jama'a a kai a kai ba, bai soma aiki ba tukuna, komai kyan ginin da aka yanke wa ƙyalle.

Matsalar ba ƙarama ba ce, kuma ƙaruwa take yi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu, kusan miliyan 9.7 suka rasu, kuma ana hasashen adadin masu kamuwa a shekara zai haura miliyan 35 nan da 2050. Jama'a na ƙaruwa, mutane na ƙara tsawon rai, taba da giya da ƙiba na yaɗuwa zuwa ƙasashen da a da ba su san su sosai ba. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne binciken da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2020. An tattara sakamakon nazarce-nazarce a kan nau'i bakwai na kansa, aka ga cewa jinkirin mako huɗu kacal wajen fara magani yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari. Mako huɗu. Idan na tuna wata bakwai ɗin Gwaggo sai jikina ya yi sanyi.

Akwai ƙasashen da suka gane haka suka gina tsarinsu a kan kwanaki. Denmak ta daɗe tana ganin masu kansa a wurinta suna mutuwa fiye da na maƙwabtanta, Suwidin da Norwe, alhali ba likitoci ta rasa ba, ba kuɗi ta rasa ba. A 2007 gwamnati ta yanke hukuncin a ɗauki zargin kansa a matsayin larurar gaggawa. Daga 2008 kowane nau'i ya sami tsararriyar hanya: idan likitan farko ya ga alama kaza, ga inda zai tura, ga gwajin da za a yi, ga iyakar kwanakin kowane mataki. Daga baya suka ƙara wata hanyar domin masu alamun da ba su nuna gaɓa ɗaya ba, irin rama marar dalili da gajiyar da ta ƙi tafiya. Ingila ma tana da nata ma'aunin: kwana 28 a gaya wa wanda aka tura da gaggawa ko kansa ce ko ba ita ba ce, kwana 62 a fara magani. Shekaru da dama ke nan ba su cika ma'aunin kwana 62 ba, kuma wasu kan kafa hujja da wannan su ce ai ka gani, ko masu kuɗi sun kasa. Ni abin da nake gani daban ne. Mun san sun kasa ne saboda kowane wata suna fitar da alƙaluman, 'yan jarida su ɗauka, 'yan majalisa su tsare minista. Inda ba a ƙirgawa, babu wanda ya taɓa kasawa a takarda, marasa lafiya ne kawai ke ƙarewa a kan benci.

Kada kuma a ce wannan lissafin masu arziki ne. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 a kan kansar mama an yi shi ne da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a zuciya, kuma ginshiƙansa uku ne: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko, sannan aƙalla kashi 80 su kai ƙarshen maganinsu. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar sabuwar fasaha. Tsari suke buƙata da mai bibiya.

Bari in koma kan kwalbar nan, domin a wurinta na ga inda yawancin tsare-tsare ke yoyo. Kansa ba a gane ta da ido, ba a tabbatar da ita da hoto. Sai an yanko nama, an jiƙa shi a fomalin, wato ruwan nan na cikin kwalbar da ke hana nama ruɓewa, an daskarar da shi cikin kakin farafin na ɗakin gwaji, an yanka shi siriri fiye da gashin kai, an rina shi, sannan likitan da ya yi shekaru yana koyon wannan aiki ya duba a madubin likita ya ce ga abin da yake. Kafin wannan magana ta fito, duk abin da ake yi lalube ne cikin duhu. Kuma sunan kaɗai bai isa ba. Kansar mama iri-iri ce. Akwai wadda sinadarin mace na istrojin ke ciyar da ita, ita kuwa ƙwayar tamoksifen, tsohon magani mai araha da ake sha kullum tsawon shekara biyar, tana rage dawowarta da kusan rabi. Akwai mai alamar HER2, wadda ke da nata maganin na musamman. Akwai wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. Idan ba a yi gwajin da zai bambance su ba, za a ba wata maganin da ba zai amfane ta ba, a hana wata wanda zai cece ta. Daga baya ne na koyi wani abin da ya ƙara min baƙin ciki: domin waɗannan gwaje-gwaje su fito daidai, ana so naman ya shiga fomalin cikin awa ɗaya da yanko shi, kuma kada ya wuce kwana uku a ciki kafin a sarrafa shi. Ke nan kwalbar da ta kwana a aljihun ɗan'uwa, ta yi makonni a kan kanta tana jiran layi, ko an duba ta daga baya, amsar na iya fitowa a karkace.

Wannan sashe ne da ba a ɗaukar hotonsa ranar buɗe asibiti, shi ya sa ake mantawa da shi a kasafi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya faɗa a 2021 cewa kashi 47 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun gwaje-gwajen gano cuta, ko kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. A ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara, likitan duba nama ɗaya ne ga mutum miliyan guda ko fiye. Ba za a iya samar da irin wannan likita a kowane gari cikin shekara biyar ba, kuma ba sai an yi hakan ba. Abin da gwamnati za ta iya yi gobe shi ne ta ɗauke kwalbar daga aljihun dangi. A sa mota ko babur da ke zagaya asibitoci a ranakun da aka sani, a ba kowane samfuri lamba, a kai manyan ɗakunan gwaji 'yan kaɗan da aka wadata da ma'aikata da kayan rini, a dawo da sakamako ta waya ga likitan da ya tura. An yi shekaru ana yin irin wannan da jinin masu cutar ƙanjamau da majinar masu tarin fuka a ƙasashe matalauta, kuma ya yi aiki. Hanyar tana nan, ɗora mata kaya kawai za a yi.

Sai maganar da na gaji da ji: wai mutane ba sa zuwa asibiti da wuri. Akwai gaskiya a ciki, tsoro da kunya da jahilci suna nan. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mace ta ga maƙwabciyarta ta je asibiti da ƙafarta, an sayar da duk abin da aka mallaka, an yanke mata mama, ƙarshe aka dawo da gawa. Me zai sa ta yi gaggawa? Jama'a suna auna asibiti ne da waɗanda suka gani sun dawo. Wayar da kai mafi ƙarfi ita ce matar da aka yi wa magani ta warke, ana ganinta tana harkokinta shekara biyar bayan haka. Kuma wanda ya fi buƙatar horo shi ne ma'aikacin ƙaramin asibiti, wanda shi ake fara tararwa. Ya san cewa ƙullutu mai tauri marar zafi a mama, jini bayan daina al'ada, jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa, gyambon baki da ya wuce mako uku, wahalar haɗiya, ko farin ɗigo mai ƙyalli a ƙwayar idon jariri, ba abubuwan gwada magani ba ne. Ya kuma san lambar da zai kira, ya tabbata idan ya tura za a karɓa. Ruwanda ta gwada haka a kewayen cibiyar kansa ta Butaro, wadda aka buɗe a 2012 a wani yanki na karkara mai duwatsu tare da ƙungiyar Partners In Health. An horar da malaman jinya na ƙananan asibitoci su duba mama su tura, kuma matan da ake ganowa tun ciwon bai yi nisa ba suka ƙaru.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Gano ciwo da wuri ga mai alama daban, tara masu lafiya a auna su daban. Na biyun yana da farin jini wurin 'yan siyasa domin ana ganin taro, amma idan babu inda za a kai wanda aka gano, tsoro kawai aka raba wa mutane. Wani lokaci ma cutarwa yake yi. A Koriya ta Kudu, da aka yawaita yi wa masu lafiya hoton maƙogwaro, adadin masu kansar tayirod ya ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011, yawan masu mutuwa da ita kuwa bai motsa ba. Dubban mutane aka cire wa wannan gaɓa saboda ƙananan ƙari da ba za su taɓa kashe su ba, suka koma shan magani har abada.

Inda awon masu lafiya ya biya kuɗin sabulu ba tare da gardama ba shi ne kansar bakin mahaifa. A 2022 ta kama mata kusan 660,000, ta kashe kusan 350,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, alhali an san ƙwayar HPV ce sanadinta, akwai rigakafinta, kuma ana iya ƙone ɓacin da ke rigayarta a ƙaramin asibiti cikin 'yan mintuna. Ostireliya ta fara yi wa 'yan mata allurar a 2007, yanzu tana sa ran kawar da cutar nan da 2035. Ruwanda ta fara a 2011 ta kai fiye da kashi 90 na 'yan matanta. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Haka allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai: Taiwan ta fara tun 1984, kansar hanta a yara ta ragu a fili. Waɗannan da harajin taba su ne mafi arahar abin da kowace gwamnati za ta iya yi, ban ga dalilin jan magana a kansu ba. A yi su kawai.

Injin gashi kuwa, wato wanda ke ƙone kansa da haske mai ƙarfi, dole ne, ban ce a bar shi ba. Kusan rabin masu kansa suna buƙatar gashi a wani mataki, kuma lokacin da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da shirinta na Rays of Hope a 2022, ƙasashen Afirka fiye da 20 ba su da ko guda. Sai dai sayen inji shi ne mafi sauƙin ɓangaren. A 2016 injin kobal ɗaya tilo da Yuganda ke da shi a asibitin Mulago, injin da aka kafa tun 1995, ya lalace, ƙasar ta zauna babu gashi har farkon 2018. Mai hali ya tsallaka Kenya, marar hali ya koma gida. Shi sinadarin kobal ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, dole a riƙa sauya shi. Sabon injin zamani kuma yana son wutar lantarki marar yankewa, da sanyi, da injiniya a kusa, da masanin kimiyyar da zai riƙa auna ƙarfin hasken. Gashi ba abin zama ɗaya ba ne, kullum ake zuwa tsawon makonni. Mai kansar bakin mahaifa ana so ta gama duka, har da gashin ciki, cikin mako takwas. Idan inji ya tsaya mako uku a tsakiya, ciwon yana samun sararin farfaɗowa. Don haka duk gwamnatin da za ta sayi inji, ta sa hannu a ranar a kan yarjejeniyar gyara ta shekara goma, ta tura ma'aikata karatu tun kafin a haƙa harsashin ginin, ta kuma tanadi masauki kusa da cibiyar ga waɗanda suka zo daga nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a riƙa faɗa mana kwana nawa kowane inji ya yi aiki a shekara.

Sai kuɗi, inda tsugunne ba ta ƙarewa. Maganin kansa ba saye ɗaya ba ne. Kemo zagaye-zagaye ake yi, shida ko takwas, kowane da gwajin jininsa. Iyali sukan iya na farko da na biyu, a na uku a nemi dangi, a na huɗu a ce bari a ɗan huta. Maganin da aka yanke a tsakiya ya cinye dukiya, ya wahalar da jiki, bai kuma warkar ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 115, wanda ta bayyana a 2024, ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai suka sanya ko da ainihin maganin kansa cikin abin da gwamnati ko inshorar ƙasa ke biya wa kowa. A yara abin ya fi ciwo: a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 na yaran da suka kamu suna warkewa, a matalauta da yawa ba a kai kashi 30 ba, alhali magungunan tsofaffi ne, ba masu tsada ba.

Na san za a ce, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da mutuwa wurin haihuwa ke ɗauke mata dubbai, ina ta ga kuɗin kansa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na goyon bayan a yi alkawarin biya wa kowa komai. Alkawarin da ba za a cika ba ya fi rashinsa muni, domin masu hanya ne za su cinye ɗan abin da aka ware. Gara a zaɓi kaɗan a riƙe su da gaske: kansar yara masu warkewa, kansar mama da ta bakin mahaifa da ta hanji idan an same su da wuri. A biya daga gwaji har zagaye na ƙarshe, a sayo magani a dunƙule daga masana'antun da aka tantance, a sa ido kan na jabu. Ghana ta bi wannan hanya a 'yan shekarun nan, ta sanya nau'i huɗu na kansar yara cikin inshorar lafiyarta ta ƙasa. Kuma ɗakin gwaji, da bankin jini, da ɗakin tiyata mai aiki, da motar ɗaukar samfuri, ba masu kansa kaɗai za su amfana ba. Mai naƙudar da ta zubar da jini ma a nan za a cece ta.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da rajista, wato ofishin da ke rubuta kowane mai kansa a wani yanki, nau'inta, matakinta, da abin da ya faru da shi bayan shekara ɗaya da shekara biyar. Kampala tana da irin wannan tun shekarun 1950, Ibadan tun 1960. Aiki ne na 'yan ma'aikata kaɗan masu haƙuri, kuɗinsa bai kai na gyaran inji ɗaya ba, amma da shi ne minista zai san ko abin da ya kashe ya rage mutuwa.

Na bar abin da ya fi ƙona min rai zuwa ƙarshe. Ko a ƙasar da ta fi kowa tsari, wasu ba za su warke ba, kuma su ma 'yan ƙasa ne. Zafin kansar da ta shiga ƙashi ba ya jin ƙananan magunguna. Maganinsa mofin ne, wanda aka sani fiye da shekara 200, mai arha ƙwarai, yana kuma cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka, kwamitin Lancet na 2017 ya gano cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun kusan kashi 1 cikin ɗari ne kawai na mofin da ake rabawa domin jinya. Ba tsada ce ta hana ba, dokoki ne da tsoro. Ana fargabar kada ya faɗa hannun masu shaye-shaye, kuma abin da ya faru a Amurka da magungunan dangin ofiyom ya ƙara wa hukumomi ɗari-ɗari. Fargabar tana da tushe, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago: an kulle maganin har mai cikawa ba ya iya kaiwa gare shi. Yuganda ta nuna akwai hanya ta tsakiya. Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, suka fara haɗa mofin na ruwa da ake sha, garin magani da ruwa a kwalba. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba malaman jinyar da aka horar damar rubuta shi, gwamnati kuma tana bayarwa kyauta, ana rubuta kowace kwalba a littafi. Wannan gyara ne da alƙalami ke yi, ba ya buƙatar tubali ko ɗaya.

Gwaggo ta yi dare goma sha ɗaya ba ta rintsa ba. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma a waɗannan darare ana jin nishinta daga ƙofar gida. Takan kama hannuna ta matse ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, na hana ku barci." Likitan da ke da ikon rubuta maganin ba ya nan, da ya dawo mai riƙe da mabuɗin akwatin ba ya nan, da aka same su duka aka ce ya ƙare. Wata malamar jinya ce, Allah ya saka mata da alheri, ta yi ta buga waya har aka samo kwalba ɗaya daga wani asibitin. Ta ɗiba da ɗan sirinji ta ɗiga mata a baki. Ba a yi awa guda ba na ga kafaɗunta sun sauka, numfashinta ya daidaita, ta yi barci har hantsi. Da ta farka ta nemi a yi mata alwala, ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta faɗi bashin da ake binta da wanda take bi. Kwana tara ta ƙara a duniya, cikin hayyacinta.

Da nake jera takardunta na tarar da komai a rubuce, har rasit ɗin safar hannu. Dararen nan goma sha ɗaya ne kawai ban samu a kowace takarda ba.